Mukayyif Mai Zafi da Sanyi: Inda Wuta Ke Maƙalewa Kafin Ta Kai ga Kwamfaresa

Duk wanda ya zauna a Makka, Jidda ko Madina ya san hukunci biyu da aka fi yanke wa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, idan ya tsaya. Ko a ce firiyon, gas ɗin da ke kawo sanyi, ya ƙare, ko a ce kwamfaresa, injin da ke matsa gas ɗin yana tura shi, ta ƙone. Na farko yana cin kuɗin mutum kaɗan-kaɗan duk shekara, na biyu kuwa lokaci guda yake kwashe su, har mai gida ya gwammace ya sayi sabo. Abin da ke ci mini rai shi ne sau da yawa ana yanke hukuncin nan ba a ɗora mita a kan ko waya ɗaya ba. Firiyon ba man fetur ba ne da inji ke ƙonawa. A rufe yake cikin bututu, ba ya raguwa sai in akwai ɓula, kuma wanda ya ƙara maka shi bai toshe ɓular ba, zai dawo baɗi. Ita kuma kwamfaresa ita ce ta ƙarshe a layi. Kafin wuta ta iso gare ta sai ta ratsa bireka, waya, kati (allon lantarki mai sarrafa injin), kwantakta da kafasita, kuma kowane ɗayansu zai iya tsayar da ita cak alhali lafiyarta ƙalau.

Maganata a kan mukayyif mai zafi da sanyi ce, har-barid da ake sayarwa a kowace kasuwar kayan wuta. Shi wannan ba ƙirƙirar zafi yake yi ba, dakonsa yake yi. Kamar ɗan dako ne: da rani ya ɗauki zafin ɗaki ya kai waje, da hunturu ya juya ya ɗebo ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ya shigo da shi. Shi ya sa da wuta ma'auni ɗaya yakan ba da ɗumi kusan ma'auni uku, inda hita mai jan ƙarfe ba ta taɓa wuce ɗaya bisa ɗaya. A farashin halala 18 (halala 100 ce riyal ɗaya) kan kowane kilowat na awa guda, wanda gidaje ke biya tun 2018 in ba su haura 6,000 a wata ba, hita mai wat 2,000 da ta kwana awa 8 a kunne ta ci kusan riyal 3 a ɗaki ɗaya. Mukayyif zai yi aikin da wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan. Sai dai a lura, wasu na taga da aka rubuta musu har-barid ƙarfen hita kawai aka sa musu a ciki, waɗannan lissafinsu daban ne.

Akwai abubuwan da ake kiran mai gyara saboda su alhali babu abin da ya lalace. In aka kashe mukayyif aka sake kunnawa nan take, kwamfaresa ba za ta tashi ba sai bayan kamar minti 3. Da gangan aka yi haka, don matsin gas na ɓangarorin biyu ya daidaita. In aka sa shi a zafi, fankar ciki takan yi shiru na 'yan mintoci har sai bututun ya ɗumama, don kada ta watsa wa mutane iska mai sanyi. Sannan kamfanoni kan ba da rimot iri ɗaya ga mai sanyi zalla da mai zafi da sanyi, sai Hajiya ta ga alamar rana a rimot ta yi ta dannawa, alhali injin da ke jikin bangonta ba a ƙera shi don ɗumama ɗaki ba. Takardar da ke manne a gefensa ita ke raba gardama.

Kafin a taɓa komai, akwai wani haɗari da ya keɓanta da tsofaffin unguwanninmu, kuma ina roƙon a karanta shi da kyau. Shekaru da dama gidajen Saudiyya suna kan tsarin 127/220. A 2010 majalisar ministoci ta yanke shawarar mayar da ƙasar kan 230/400 sannu a hankali cikin shekara 25, don haka har yanzu akwai gidajen da ke kan tsohon tsarin, musamman tsofaffin gine-gine irin na Hindawiyya, Misfala da kewayen Shari'u Mansur. A wannan tsari, bolt 220 da mukayyif ke sha daga wayoyi biyu masu rai ake haɗa shi, kowace tana ɗauke da 127. Wanda ya koyi aiki a Kano ko Zinder ya saba da waya ɗaya mai rai, ɗaya mara rai. A nan, in makunnin bango waya ɗaya kawai yake yankewa, mukayyif zai mutu, fitilarsa za ta ɗauke, amma ɗaya wayar tana nan da wutarta a cikin injin. Saboda haka daga akwatin birekoki ake kashewa, da bireka mai yanke layi biyu, sannan a auna kowace waya da ƙasa kafin hannu ya shiga. Mukayyif ya yi shiru ba hujja ba ce.

To daga bango ake fara bin sawu. Injin da aka rubuta wa 230 yana jure sama ko ƙasa da kashi 10 cikin 100, wato daga 207 zuwa 253. Awon da ke da amfani shi ne wanda aka yi a bakin injin waje a daidai lokacin da kwamfaresa ke yunƙurin tashi, don a wannan daƙiƙa takan ja wuta ninki biyar ko shida na abin da take sha in ta daidaita. Lambobin biyu suna jikin takardarta: RLA na tafiya, LRA na tashi. In mita ta nuna 225 a zaune, ta faɗo ƙasa da 190 da zarar kwamfaresa ta yi yunƙuri, matsalar tana baya: waya siririya, haɗi da ya saki, ko soket da ya ƙone daga ciki. Wannan ya yi yawa a gidajen haya da aka yanyanka ɗaki ɗaya ya zama uku, kowane da mukayyif ɗinsa, duk a kan wayar da aka ja don fitila da fanka. Mukayyif mai tan ɗaya da rabi (tan ma'aunin ƙarfin sanyinsa ne) yana son layinsa shi kaɗai da waya mai lambar kauri aƙalla 2.5, mai tan biyu kuma 4 ta fi kwanciyar rai, balle in nisan ya yi yawa.

Yadda bireka ke faɗuwa ma magana take yi. In ta faɗi nan take da ƙara, wuta ta haɗu ko ta taɓa jikin ƙarfe. In sai an yi minti goma ko ashirin, lodi ne ya yi yawa, ko kusar da ke riƙe wayar ta saki tana zafi, ko birekar ta tsufa. Abin da bai halatta ba shi ne a cire mai amfiya 20 a sa mai 40 don a huta. Bireka waya take karewa. In ka hana ta faɗuwa, wayar da ke cikin bango ce za ta ɗauki zafin, mutane kuma suna barci.

Yanzu ga wadda ta fi kowa laifi, kafasita. Injin da ke aiki da layi ɗaya ba ya iya juya kansa daga tsaye. A cikin kwamfaresa akwai naɗin kwayil biyu, na tafiya da na tayarwa, kuma kafasita ce ke sa wutar na biyun ta saɓa wa ta farko a lokaci, wannan saɓanin ne ke haifar da juyi. In ta mutu, wuta na shiga, juyi babu. Alamar kowa ya santa ko da bai san sunanta ba. Za ka ji dattijo yana cewa, "Mu'allim, yana gurnani ne kawai, sai ya yi ƙas ya yi shiru, can anjima ya sake." Gurnanin kwamfaresa ce da ta kasa tashi tana jan wutar LRA. Ƙas ɗin kuma obalod ne, ɗan makunnin kariya da ke yanke wuta in ta yi zafi. Ya huce ya mayar, ta sake gurnani. Duk zagaye ɗaya yana dafa rufin wayar kwayil. Wanda ya bar mukayyif a haka kwana biyu yana jiran ya warke da kansa, shi ne zai mayar da gyaran 'yan gomomin riyal ya zama na ɗaruruwa. In ka ji wannan gurnani, kashe shi daga bireka shi ne taimako mafi girma da za ka yi masa.

Me ya sa kafasita ke yawan mutuwa a ƙasar nan? Zafi. A jikin mafi yawansu an rubuta iyakar digiri 70 ko 85. Hukumar ƙa'idojin kaya ta Saudiyya, SASO, tana sa a gwada mukayyif a digiri 46 na waje ban da 35 da aka saba, don ta san ƙasarta. Amma a lokacin aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Wannan iskar sarari ce. Ka ƙiyasta cikin akwatin ƙarfe da ke kan rufin siminti da azahar, kusa da kwamfaresa mai zafin kanta. Kafasita ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, raguwa take yi. Mai maikrofarad 45 (ma'aunin ƙarfinta ke nan) ta koma 38, ta koma 30, inji yana tashi da ƙyar, yana shan wuta fiye da ƙima, sanyi yana raguwa, sai a ce a ƙara firiyon.

Wadda ta kumbura a ka ko ta zubar da mai, ta gama. Amma da yawa sukan mutu da kyan surarsu, don haka sai an auna. A kashe wuta, a sauke cajin da ta riƙe, domin tana iya harbin mutum bayan an kashe komai, a cire wayoyinta, a sa mita a ma'aunin maikrofarad. Abin da aka yarda da shi kashi 5 ko 6 cikin 100 ne sama ko ƙasa da lambar jikinta. Ƙwararru suna da hanya ta biyu, inji na tafiya: a auna amfiyar wayar tayarwa, a ninka da 2,652, a raba da bolt ɗin da ke tsakanin ƙafafun kafasitar. Amfiya 5 da bolt 300 sun ba da 44, ka ga mai 45 tana lafiya. Lambar 2,652 ta wutar 60Hz ce irin ta nan. A Sudan, Nijar ko Najeriya, inda wuta take 50Hz, 3,183 ake amfani da ita. Wajen sauyawa, maikrofarad dole ya zo daidai, bolt kuma daidai ko sama: ana sa mai 450 a gurbin mai 370, ba a yin akasin haka. Kuma a nan ne araha ba ta ado, don mara suna ba ta cika ganin rani biyu ba. Fankar waje ma tana da tata ƙarama, daga 2 zuwa 5 galibi. In ta mutu fanka ta tsaya, zafi ya rasa mafita, kwamfaresa ta yi 'yan mintoci ta yanke, a sake ɗora mata laifi.

Kwantakta ba ta da dogon bayani. Makunni ce da kwayil ke ja, kati ko ma'aunin bango ya ba ta umarni, ita kuma ta saki babbar wuta. Bakinta kan ƙone ya yi baƙi, ƙura ko tururuwa kan shiga tsakani, wani lokaci kuma ta manne, sai ka kashe da rimot injin waje ya ci gaba da tafiya. Tambaya biyu ce: umarni yana isowa kwayil? In yana isowa, wuta tana ƙetarawa ɗaya gefen? A manyan na'urorin gidajen bene masu bututun iska, umarnin bolt 24 ne daga ƙaramar taransifoma, kuma fis ɗin da bai kai ɗan yatsa ba yana iya kashe gida guda.

Sai an wanke duk waɗannan ake zuwa kan kwamfaresa, ita ma da shaida. Ƙafafu uku gare ta: C, R da S. Tsakanin C da R awon om, wato yadda waya ke turje wa wuta, ya fi ƙanƙanta, tsakanin C da S ya fi shi, tsakanin R da S kuma jimillar biyun ce. Misali 1.5 da 3 su ba da 4.5. Ga wurin da ake zaluntar masu gida, wani lokaci ba da niyya ba. In kwamfaresa ta yi zafi, obalod na cikinta yana buɗewa, sai mita ta nuna babu hanya tsakanin C da R, babu tsakanin C da S. Mai gaggawa ya ce ta ƙone. Amma in tsakanin R da S akwai hanya, kwayil biyun suna nan da ransu, kariya ce ta buɗe. A bar ta ta huce, kuma a ranin Makka wannan yana iya ɗaukar awanni, sannan a sake awo. Gwaji na ƙarshe shi ne tsakanin kowace ƙafa da jikin ƙarfe, da mita ta musamman mai tura bolt 500. In wuta na zurarewa zuwa jiki, to wannan kam ta tafi. Kuma ba a ba kwamfaresa wuta murfin ƙafafunta a buɗe, don ƙafar da ta lalace tana iya fashewa ta feso mai da gas.

Abin da ya bambanta har-barid da sauran shi ne bawul mai hanya huɗu, wanda ke juya tafiyar gas. Yana da ɗan kwayil a kansa. A yawancin na bango, kwayil ɗin a yanayin zafi yake samun wuta, don haka in ya mutu ba wanda zai sani har sai sanyi ya shigo. Wata takwas ana shan sanyi lafiya, ran da aka wayi gari a Madina ko Riyad ana rawar ɗari, a danna rana, iska mai sanyi ta fito. Binciken a jere yake. Kati yana tura 220 zuwa kwayil? In ba ya turawa, laifin kati ne ko waya. In yana turawa, a auna kwayil, wanda galibi yakan ba da om 1,000 zuwa 2,000. In a yanke yake, kusa ɗaya ke riƙe da shi, ana sauya shi ba a taɓa gas ba. In wuta na zuwa, kwayil lafiya, ana jin ɗan ƙas, amma bai juya ba, nan ne magana ta bar hannun lantarki. Kwayil ƙaramar ƙofa kawai yake buɗewa, matsin gas ne ke tura babban bawul. Gas ya yi ƙasa ko kwamfaresa ta yi rauni, bawul ba zai motsa ba, ko ya tsaya a tsakiya, ba zafi ba sanyi. Shawarata ita ce a gwada zafi na 'yan mintoci tun a watan Oktoba, lokacin da masu gyara suka samu sarari.

'Yan'uwanmu da ke aiki a Tabuk, Ha'il, Abha da Ɗa'if suna ganin wani abin da na Jidda ba su sani ba. In sanyin waje ya sauko kusa da digiri 5, raɓa takan daskare a jikin injin waje. Sai mukayyif ya tsayar da fankokinsa, ya juya bawul na minti 5 zuwa 10 don ya narkar da ita. Ana ganin tururi, ruwa na ɗiga, wasu injinan na rubuta dF ko H1 a fuskarsu. Aikinsa yake yi. Abin damuwa shi ne in ƙanƙara ta lulluɓe shi ba ya narkarwa, ko yana shiga narkarwa babu dalili. A nan sansa ake tuhuma, ɗan ƙaramin abu mai kan jan ƙarfe da ke maƙale a bututu yana gaya wa kati zafinsa. Awonta yana sauka in ta ji zafi, yana hawa in ta ji sanyi. Akwai mai om 5,000, mai 10,000, mai 15,000 har sama, duk a digiri 25. Ka riƙe ta a tafin hannu, lambar ta riƙa sauka a hankali. In ta tsaya cik ko tana tsalle, ta lalace. Sa mai 10,000 a gurbin mai 5,000 kuwa yana sa kati ya yi ta aiki da labarin ƙarya. Sau da yawa ma ba lalacewa ta yi ba, zamewa ta yi daga mazauninta lokacin wanki.

Masu inbata, wato waɗanda kwamfaresarsu ke ƙara gudu ko ragewa gwargwadon buƙata, yanzu sun cika kasuwa, kuma dokarsu daban. Kwamfaresarsu ba ta da waccan kafasita, ƙafafunta uku U, V da W awonsu ɗaya ne, kuma kati ne ke sarrafa gudunta. A kan katin akwai manyan kafasitoci masu riƙe sama da bolt 300 bayan an kashe wuta, don haka ana jira kamar minti 10, a auna, kafin a taɓa. Suna faɗin ciwonsu da lamba a fuska, amma E1 ta wannan kamfani ba ita ce E1 ta wancan ba, sai an duba littafin injin. Kafin a ce kati ya ƙone, a duba wayar sadarwa da ke tsakanin na ciki da na waje. A Jidda da Yanbu iskar teku mai gishiri tana cin bakin wayoyi har su yi kore, musamman inda aka yi haɗi a tsakiya aka naɗe da salatif. A duba ɗan fis na kan katin. A duba bayansa kuma, don tsaka da kyankyaso suna son ɗuminsa, kuma tsaka ɗaya ta isa ta haɗa wuta.

Wata cutar kuma kamannin lantarki gare ta, asalinta ƙura. In raga ta injin waje ta toshe bayan guguwa, matsi ya hau, amfiya ta hau, obalod ya yanke, bireka ta faɗi, kafasita ta dahu. Za a sauya kafasita sau uku a rani ɗaya ba a kalli ragar ba. Wanke matatar ciki duk mako biyu da wanke ragar waje kafin rani aikin mai gida ne, wuta a kashe. Buɗe murfin wayoyi kuwa na wanda ya iya ne. Amma rashin iyawa bai hana tambaya ba. In aka ce maka kwamfaresa ta ƙone, ka ce, "Mu'allim, don Allah nawa kafasita ta nuna? Nawa ne tsakanin R da S? An bar ta ta huce?" Mai gyara na ƙwarai zai ji daɗin tambayar, ya juyo maka da fuskar mita ka gani da idonka. Ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire.

Saura masu tura mukayyif gida ta jirgin ruwa, ko su ba alhazai su tafi da shi. Wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Kano, Maraɗi da Fot Sudan 50Hz. Kwamfaresar da ba inbata ba, in an ƙera ta don 60 aka ɗora ta a kan 50, gudunta yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, daga wajen juyi 3,500 a minti zuwa 2,900. Sanyinta ya ragu, kwayil ɗinta ya riƙa zafi fiye da ƙima, ga kuma wutar can da ke hawa da sauka. Masu inbata sun fi jurewa, tunda suna mayar da wutar wani fasali kafin su yi amfani da ita, amma su ma fanka da bawul ɗinsu suna da abin da aka ƙera su a kai. Kafin a biya kuɗin kago, a karanta takardar gefen injin. In ba a ga 50Hz ko 50/60Hz ba, a bar shi a nan a saya a can.